Safar Malamin Zare

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara duka. Yaya ciwon bayan nan naki? Kina dai shan maganin, ko kin sake ɗora shi saman kabad kin ce kin warke? Mu nan sai godiyar Allah. Maman yara tana gaishe ki ƙwarai.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ki sa kuka, ni ma in rasa inda na tsaya.

Saƙonki ya iso. Kin ce in rufe shagon aski, in tattaro iyali mu dawo wurinki, ga ɗakuna a bayan gida babu kowa a ciki. Wallahi Yaya, da na ji haka sai da idona ya cika. Ke kika goya ni bayan rasuwar Inna, ga shi yanzu da furfurata kina neman ki sake goya ni. Allah Ya saka miki. Amma ki ɗan dakata mini tukuna, bari in gaya miki yadda abin yake.

Kin san inda ciwon suga ya sa aka yanke ƙafar, kaɗan ƙasa da gwiwa. Ƙafar robar da aka haɗa mini ba ta da laifi. Samanta kamar kofi ne mai zurfi, in sa wa dungun safa sannan in zura shi ciki. Abin da ban taɓa faɗa miki ba shi ne gumi. Iska ba ta shiga wurin. Kafin rana ta take safar ta jiƙe sharkaf, fatar ta yi laushi kamar ta wanda ya wuni cikin ruwa, sai ta ɗan tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Sau biyu ke nan wurin yana ruruwa. Likitar da ke duba ni, wadda mu marasa lafiya muke kira Ba Wasa a bayan idonta, ta faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa in ciwon ya kai ƙashi, sai an sake yankewa sama da gwiwa. Ta ce mai gwiwa yana tafiya, wanda ya rasa ta kuwa sai ya koyi tafiya daga farko, kuma a shekaruna ba kowa ke iyawa ba.

Saboda haka yawancin lokaci ƙafar tana jingine a bayan ƙofa, ni kuma ina aski a zaune. Na sa kafinta ya yi mini doguwar kujera. To amma mai aski shi ke zagaya kai, yanzu kan ne ke zagaya ni: juya nan, sunkuya, ɗan karkato. Tsofaffin abokan hulɗa suna haƙuri, samari kuwa sun gudu shagon ƙasan titi. Ban ga laifinsu ba. Rannan na yi wa wani gyaran goshi ya fito kamar hanyar da ruwa ya ci.

Yanzu ga dalilin da na ce ki dakata. Akwai wani mutum da na daɗe ina yi wa aski, muna kiran sa Malamin Zare don yana aiki a wata cibiya da ke binciken yadi da saƙa. Sanƙo gare shi daga goshi har ƙeya, gashin da ya rage bai fi a rufe shi da yatsu uku ba, amma ba ya fashin zuwa, kuma sai ya ɗauki madubi ya duba aikin da kyau. Ranar nan ya fita bayan shago wanke hannu, ya tarar da safunan dungu da nake shanyawa a igiya. Na leƙa sai na gan shi ya ciro ɗaya, ya ja ta, ya ɗaga ta a rana, sannan ya kai hanci ya shinshina! Yaya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da ko yaran gida ba na bari su ga dungun nan.

Shi ko a jikinsa. Ya dawo ya zauna, ya ce warin da ya ji ba na gumi ba ne, na ƙwayoyin cuta ne da suka yi gida a cikin zaren, sabulu ba ya korar su duka. Ya ce aikin da suke yi ke nan: shafa wa yadi wani sinadari siriri da ido ba ya gani, wanda zai hana ƙwayoyin zama. Shafawar ba wuya, in ji shi, kowa na iyawa. Wahalar ita ce a sa shi ya zauna, kada wanki ya tafi da shi. Na ce to ya kawo mini guda in gwada. Ya girgiza kai, ya ce ba haka ake yi ba, sai likitata ta yarda, sai kuma wani kwamiti na asibiti ya duba ya amince, don ba a gwaji a jikin mutum da ka. Ya ce ba alkawari yake mini ba, amma zai nemi ganin likitar.

Ki taya ni addu'a. In abin bai yiwu ba, za mu sake maganar ɗakunan nan. Ki gaishe da maigidan, ki ce masa ban manta da askin da nake bin kansa ba.

Ƙaninki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji an ce babbar 'yarki ta sauka lafiya, namiji. Barka, barka! Allah Ya raya shi. Kin zama kaka ke nan, sai a rage faɗa.

Kin ji ni shiru, jira nake abin ya tabbata. Ba Wasa ta yarda, bayan ta yi wa Malamin Zare tambayoyi har ya fito yana share gumi a sanƙonsa. Kwamitin ma ya amince. Ba ni kaɗai ba ne, mu ƙalilan ne masu ƙafar roba, kuma kowa sai da aka karanta masa komai ya ce ya yarda. Likitar ta ja mini kunne cewa safa ba magani ba ce. In na saki abincin da aka hana ni, ko na daina duba fatar safe da yamma, ko da safar zinariya aka ba ni ba abin da za ta yi mini.

Malamin Zare ya kai ni wurin aikinsu don in gani da idona. Ni da na zaci zan tarar da wani katafaren wuri mai ƙyalli, ashe ɗaki ne dogo mai warin tsami-tsami, da tsummoki a rataye ko'ina kamar gidan mai wanki. Akwai wani inji mai gammo biyu na roba, kamar na matse rake. Ana tsoma yadi cikin ruwan sinadarin, a bi da shi tsakaninsu su matse, sannan a busar. Na tambaye shi me ke cikin ruwan. Ya ce wani abu ne da ake samu daga ɓawon jatan lande, da ɗan ƙurar azurfa wadda ta fi gari laushi nesa ba kusa ba. Na ce masa ashe ƙafata za ta riga Maman yara sa azurfa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, abokan aikinsa suna leƙowa, wai ba su saba jin dariyarsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wasu ƙananan faranta na gilashi da ya ciro daga wani kabad mai ɗumi. A cikinsu suke kiwon ƙwayoyin cutar, kamar yadda ake kiwon kaji. A faranti ɗaya an ɗora ƙyallen yadi na kasuwa, ƙwayoyin sun rufe shi ruf, sun yi kamar furfurar tsohon burodi. A ɗayan an ɗora nasu, sai ga wani fili fes ya zagaye shi, ba abin da ya matso. Na daɗe ina kallon filin nan. Tunda aka yanke ƙafata ake ce mini ƙwayoyin cuta, ƙwayoyin cuta, ban taɓa ganin maƙiyin nawa ba sai ranar, kuma na gan shi yana ja da baya.

Sun ba ni safuna, farare masu ɗan duhu, laushinsu kamar na kowace safa. Sharaɗin shi ne a wanke da ruwan ɗumi da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa. Lokaci-lokaci ina mayar musu da ɗaya su yanki gefenta su gwada ko shafin yana nan.

Yaya, ina rubuta miki wannan ne bayan na wuni a tsaye. Gumin yana nan, ba a hana shi, amma warin ya tafi, fatar kuma lafiya lau. Na mayar da doguwar kujerar lungu, yanzu a kanta nake ajiye tawul. Jiya wani saurayi daga cikin waɗanda suka gudu ya leƙo, ya ga ina zagaya kan wani da kilifa, ya shigo ya zauna a layi kamar bai taɓa tafiya ba. Ni kuwa sai na ɗan daɗe ina wasa reza a gabansa.

Na yi wa Malamin Zare godiya har ya gaji, ya ce in bari sai an yi wanki hamsin tukuna. Mutumin nan bai iya karɓar godiya ba, sai ya riƙa sosa kunne yana kallon ƙasa.

A shafa mini kan jariri. Maman yara ta ce tana nan tana haɗa masa 'yan kaya.

Naki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kada hankalinki ya tashi da ganin rubutun a karkace, a kwance nake yin sa. Ina asibiti, amma da sauƙi sosai, kuma gwiwata tana nan. Na fara da wannan don na san ki.

Ga yadda aka yi. Da aka shiga zafin nan, wani ɗan ja ya fito a gefen dungun. Ba ciwo ba ne, ƙuraje ne irin na zafi, likita ma ta gani ta ce a bar shi ya sha iska. Ya kuwa baje. Amma bayan ɗan lokaci sai na fara jin warin nan na dā yana dawowa. Na ce ko hancina ne. Ga shago ya cika, na ci gaba da tsayuwa. Wata safiya na cire safa na ga wurin ya kumbura yana zafi, zuwa yamma zazzaɓi ya rufe ni. Aka kawo ni nan, aka sa mini ruwa da allurai, aka ɗauki hoton ƙashin. Jiran sakamakon hoton nan, Yaya, ban taɓa shiga irinsa ba. Ina kwance ina lanƙwasa gwiwar ina miƙewa, kamar mai sallama da ita. Da Ba Wasa ta zo ta ce ciwon bai kai ƙashi ba, sai na kama hannunta ina ta sa mata albarka. Ta ƙwace, ta ce in ajiye albarkar in gaya mata dalilin da sugana ya hau. Gaskiyarta, na ɗan saki jiki da shayi.

Malamin Zare ya zo ya karɓi safunan ya tafi da su. Washegari ya dawo fuskarsa ba daɗi. Ya ce shafin ya tafi kaf, kamar ba a taɓa sa shi ba, kuma bai gane dalili ba, don a injin wankinsu yana wuce haka nesa. Maman yara tana zaune a bakin gado tana ɓare mini lemo. Sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ajiye wuƙar, ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

Ashe tun ranar da ta ga jan nan tsoro ya kama ta. Ta tuna lokacin da aka yi mini aiki, nas ta ce mata duk abin da zai taɓa ciwon a tafasa shi. Sai ta riƙa jira in tafi shago, ta ɗora tukunya, ta tafasa safunan sosai, ta bi su da dutsen guga mai zafi. Ba ta faɗa mini ba don ta san zan hana. Cikin kuka take cewa ita ta jawo, ita ta kusa yanke mini gwiwa da hannunta.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, amma ina kallon hannuwan nan da suka yi ta wanke mini ciwo lokacin da ni kaina ba na iya kallon sa. Na juya ga Malamin Zare ina jiran ya yi faɗa, don wahalar da ya sha ba kaɗan ba ce.

Ya jawo kujera ya zauna a gabanta. Ya tambaye ta irin tukunyar, da ko ruwan yana tafasa kafin ta zuba ko tare take ɗorawa, da irin sabulun. Tana amsawa tana shassheƙa. Da ta gama sai ya ce, “Maman yara, ki share hawayenki. Duk matar da ke son mijinta, in ta ga ja a jikinsa, tukunya za ta ɗora. Mu ne muka yi yadin da sai an lallaɓa shi. In bai jure tukunyarki ba, ai bai gamu ba ke nan.”

Ita dai ba ta daina kuka ba, amma na ga kafaɗunta sun sauka. Ni kuwa na juya fuska bango. Da mutumin nan ya ɗaga murya ranar, ko da kalma ɗaya, na san matata, har ta mutu ba za ta yafe wa kanta ba. Ya tsare mini ita kamar yadda likita ta tsare mini gwiwa.

Ya je da kansa ya sanar da kwamitin, an dakatar da gwajin, an kira sauran mutanen an duba su. Ashe akwai wani ma da mahaifiyarsa ke yi masa irin wannan, Allah Ya sa nasa bai kai ga ciwo ba.

Na san abin da za ki ce game da ɗakunan nan, kuma ba zan yi musu ba yau. Amma ki bari in warke tukuna. Kada ki taso, hanyar tana da nisa ga mai ciwon baya. In kin samu dama ki kira Maman yara ki kwantar mata da hankali, maganarki tana shigar ta fiye da tawa.

Ƙaninki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Yaya gida, yaya jikanmu? An ce har ya fara rarrafe yana jan zanin kakarsa. Na gode da kiran da kika yi wa Maman yara. Ban san me kika faɗa mata ba, amma ranar ta ci abinci sosai.

Ciwon ya rufe tuni. Na koma aski a zaune na tsawon lokaci, ina jiran mutanen zare. Ba su zauna ba. Malamin Zare yakan zo aski idanunsa sun faɗa, ya zauna yana yi mini bayani ina kankare masa kai. Ya ce shafin farko a saman zaren kawai yake kwance, kamar fenti a bangon da ba a kankare ba. Yanzu so suke ya kama zaren ya zama jiki ɗaya da shi. Sun ƙara wani sinadari mai tsami irin na lemon tsami, wanda ke riƙe auduga da hannu ɗaya, ya riƙe shafin da ɗayan, sannan a gasa yadin a wani tanda mai zafi don ƙullin ya ɗaure.

Na farkon da suka yi haka ya jure tafasa, amma ya fito rawaya kuma ƙandas kamar buhu. Malamin Zare ya kawo mini in taɓa. Na goga a bayan hannuna na ce masa wannan ko tukunya aka ba shi zai kankare. Ya ce ya sani, so yake ya ji daga bakina. Suka koma suka yi ta rage wannan suna ƙara wancan, har aka samu mai laushi.

Abin dariyar shi ne, yanzu a ɗakin gwajin nasu, kusa da injin wanki mai tsada, akwai risho da tukunyar ƙarfe irin ta gidan kowa. Sun aiko mota ta ɗauki Maman yara don ta nuna musu yadda take yi. Ta ci ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Ta dawo tana ba da labari wai sun ba ta farar riga ta sa, wasu masu digiri suna tsaye suna kallon ta tana juya safa da muciya. Tun ranar ba a iya magana da ita a gidan nan.

Kwamitin ya sake duba komai ya ba da izini. Ina sanye da sabuwar safar tun tsakiyar damina. An tafasa ta, an goge ta, an yanki gefenta an kai faranti, filin nan fes yana nan. Ba Wasa ta duba dungun a zuwana na ƙarshe, ta daɗe tana latsawa, sannan ta ce, “Ba laifi.” Waɗanda suka san ta sun ce in je in yi sadaka, ba ta taɓa faɗa wa kowa abin da ya kai haka ba.

Shayi kuwa na bar shi, sai lami. Ki gaishe da kowa da kowa.

Autanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidan da yara da jika. Mu lafiyarmu ƙalau, ƙafa kuma sai hamdala. Amma yau da nauyi a zuciyata nake rubutu.

Malamin Zare ya yi fashin aski, abin da bai taɓa yi ba. Na ce ko tafiya ta kama shi. Sai wata abokiyar aikinsa ta biyo ta shago ta kawo mini sababbin safuna, ta ce ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ma ba ta fita sosai. Ta ce aikin ba zai tsaya ba, sun san inda ya kai shi, har wata masaƙa ta fara tuntuɓar su. Na ji daɗin wannan, amma ba shi ne a gabana ba. Na sallami waɗanda ke layi, na zuba kayan aski a jaka, na rufe shago.

An kwantar da shi a asibiti, a hawa na sama, na'urar hawa kuma ta lalace. Mai gadi ya kalli tafiyata ya ce ko in jira a gyara. Na ce masa a'a. Na kama ƙarfen matakala na hau, ina hutawa a kowane lungu, har na kai.

Na same shi ya rame, gemu ya fito masa buzu-buzu, ɗan gashin kan nan ya yi tsaye. Matarsa tana gefe da 'ya'yansa mata biyu, manya. Ban taɓa ganin su ba, su ma ba su san ni ba. Na ce ni ne mai askinsa. Matar ta ce ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa fuska, abinci ma sai da lallashi, tun da abin ya faru bango kawai yake kallo. Na ce a bari in gwada.

Na ɗaura masa tawul, na kaɗa kumfa. Bai hana ni ba. Na zagaya gadon ta nan, na zagaya ta can, ina yi ina ba shi labarin shago, wa ya yi aure, wa ya sayi babur ya faɗa kwata da shi. Gefen fuskar da ya saki sai da na tallafe shi da yatsu kafin reza ta bi. Da na gama na riƙe masa madubi. Bai kalli madubin ba. Hannunsa na hagu ya miƙo ya kama wandona wajen gwiwa yana ja, yana wata magana da ban gane ba. Matar ta zaci wani abu ke masa ciwo, ta tashi za ta kira nas. Ni na gane.

Kin san ni da dungun nan, Yaya. Ko ke ban taɓa bari kin gani ba. Na zauna a bakin gadon, a gaban matarsa da 'ya'yansa, na naɗe wando, na cire ƙafar na jingine ta, na zare safar na ɗora masa a tafin hannu. Ya murza ta da yatsu. Sannan na ɗago dungun kusa da shi. Ya shafa fatar a hankali, gefe da gefe, har wurin tsohon tabon. Ba ja, ba tsagewa, bayan duk matakalar nan. Sai gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

Matar ta tsaya tana kallon mu. Ta ce shekara da shekaru yana dawo mata gida da warin tsami da tsummoki cike da aljihu, tana yi masa mita, in ta tambaye shi me yake yi sai ya ce yadi ne kawai. Ta ce, “Ashe wannan ne.” Na ce mata wannan ne, Hajiya, da shi na hawo benen nan, da shi nake ciyar da gidana. Ƙaramar 'yar ta durƙusa ta kifa kai a kafaɗar babanta. Kafin in gama mayar da ƙafar, na ji matar tana tambayar sa ko zai sha ɗan romo, ya gyaɗa kai.

Likitocinsa sun ce da motsa jiki akwai fatan hannun zai dawo, maganar ma haka, sai dai a hankali. Na gaya wa matar kada su nemi wani mai aski, ko a asibiti ko a gida, ni zan riƙa zuwa.

Roƙona gare ki ɗaya ne. Na san ba kya tashi daga sallaya sai kin ambace ni. Ki ƙara shi a ciki. Ba sai kin san sunansa ba, ki ce Malamin Zare, Allah Ya san wanda kike nufi.

Maman yara da yara suna gaishe ku. Allah Ya bar mana ke, Ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta